Rasuwar Rikodar Gidan Koskela

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Lorraine Koskela ta garin Duluth tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar rikodarta mai faifai biyu. Marigayiyar ta cika ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a kan teburin kicin inda ta yi rayuwarta.

Mijin Lorraine, marigayi Arvid, ma'aikacin jirgin ruwan dakon ƙarfe, shi ya shigo da ita gidan a shekarar da suka yi aure. 'Yar ƙarama ce mai hannun rataya, ba ta da tsada, ba ta da girman kai. Abin da aka faɗa mata shi take maimaitawa, ba ƙari ba ragi, halin da ya gagari da yawa daga cikinmu.

Kowa ya san Arvid da maƙo, Allah ya ji ƙansa. Bai taɓa saya mata sabon batir ba, sai dai ya zare na tocilan da ya kusa mutuwa ya ɗura mata. Haka ta riƙa ɗaukar magana a sanyaye, tana jan zaren faifai kamar mai ciwon ƙafa. Shi ya sa duk na'urar da aka ɗora wa faifan nan, sai ta zuba da gudu, muryar ƙaton mutum ta fito siririya kamar ta ɗan yaye. Marigayiya kaɗai ta san saurinsa, ita ma sai Lorraine ta ɗan dafa faifan da babban yatsa.

Duk Lahadi Lorraine takan zuba kofi, ta yanka burodi, ta murɗa maɓalli. Sai a ji ƙarr, ƙas, sannan Arvid ya yi gyaran murya.

"Anya tana ɗauka kuwa? Lorraine, zo ki ce wani abu mana."

Daga nesa wata matashiyar murya ta amsa, "Kai dai ka cika fitina. Hannuna da kwaɓin fulawa, bari na gama."

Daga nan sai dariyarsa, sai ƙarar zare. Ba ta zo ba har faifan ya ƙare.

Ciwon ajali ya fara ne da rawar murya, sannan wani ƙauri ya biyo baya. Mai gyara ya buɗe cikinta ya ce injin ya ƙone, irinsa kuma an daina yi tun tuni. 'Yar Lorraine, Marlys, ta kai faifan shago aka juye shi a waya. Lorraine ta saurara sau ɗaya ta ce wannan ba mijinta ba ne, ta shige ɗaki. Takaba ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko ɗaci.

Marigayiya ta bar faifai uku, da makirfo mai tsinkakkiyar igiya, da tsohuwa ɗaya da ta fara mance yadda muryar take.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a ajiye ta a kantar gareji kusa da takalman aikin Arvid. Akwai kofi da burodi. Don Allah kada kowa ya zo da sabuwar na'ura. Amma in akwai tsohon abokin aikinsa da ya iya kwaikwayon muryarsa, ana roƙonsa ya tsaya a ƙofar kicin ya kira Lorraine sau ɗaya. Ta ce ta wanke hannunta, wannan karon za ta zo.