Tiren Abincin Maiɗakina a Jirgin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a da na dawo daga sallar la'asar na tarar da rabin mutanen Maraɗi mazauna unguwarmu ta Gubaira a falon Yaya Rakiya, kowa yana kallona kamar na shigo da kayan sata. Amma kafin in kai nan, bari in fara da abin da na yi daidai, domin shi ya fi yawa.

Ni direba ne a wani ofis da ke unguwar Ulaya a nan Riyad. Maiɗakina, Allah ya jiƙanta, girki take yi a wani gida a unguwar Nasiriya, kowannenmu da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, da kafilinsa da ya tsaya masa. Ita ta fara kawo maganar jirgin ruwa. Mutanen gidan da take aiki sun je hutu a irin manyan jiragen nan da ke tashi daga Jidda su zaga Bahar Maliya, suka dawo da hotuna. Ita kuwa tunda aka haife ta ba ta taɓa tsayawa a bakin teku ba. Ko umara muka je, ta Ɗa'if motar take bi da mu, duwatsu kawai muke gani. Ta ce ba ta neman komai sai ta zauna ta kalli ruwan da ba a hango ƙarshensa, wani kuma ya dafa ya kawo mata.

Na riƙe shirin nan da gaske, kuma har yau ina alfahari da shi. Duk wanda zai yi irin wannan tafiya daga nan, ya fara da takardunsa kafin ya fara kallon hotuna. Jirgin yana tsayawa a wasu ƙasashe, saboda haka sai da izinin fita da dawowa, kuma kada iƙamar mutum ta ƙare yana kan ruwa. Ya tambaya ko inda za a tsaya suna neman biza a irin fasfonsa, domin na Nijar da na Najeriya ba koyaushe suke tafiya tare ba. Na zaɓi lokacin sanyi, bayan yara sun koma makaranta, lokacin cunkoso ya ragu. Ɗaki kuma na nema a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi. Na nace sai mai taga. (Ma'aikacin ofishin tafiye-tafiyen ya ce ɗakin barci ne kawai, taga ba ta da amfani. Ban yi masa gardama ba, amma ban canza ba.)

Saura kaɗan mu tafi ciwo ya kwantar da ita. Bai ɗauki lokaci ba. A nan Riyad aka yi mata sutura. Ba zan tsawaita a wannan ba.

Na kira ofishin na ce an samu uzuri, suka ɗaga mini tafiyar. Bayan wasu watanni Yaya Rakiya, yayar marigayiyar, wadda take yin waina a gida duk Juma'a mutanenmu su taru, ta ce in je. Ta ce ƙanwarta ta yi ta maganar ruwan nan har ta ishe su, wani a cikinmu ya kamata ya gan shi. Na yarda. Abin da ban yi ba shi ne zuwa in cire sunanta daga cikin matafiya. Kullum ina wuce ƙofar ofishin da mota, amma in na tuna sai na tsaya gaban wani baƙo na faɗi dalili da bakina, sai in ce gobe. A tashar Jidda aka duba suna biyu aka ga mutum ɗaya, na ce ni kaɗai ne, suka buga hatimi ba su ƙara tambaya ba.

Sauran duk na yi yadda ya kamata. Na kwana a Jidda kafin ranar tashi, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda mota ta makarar. Magani da darduma da kayan canji na sa su a jakar hannu, tunda babbar jaka takan daɗe kafin ta iso ɗaki. Da aka tara mu aka koya mana sa rigar ceto, ni ne ma na ɗaure wa wani dattijo tasa. Alƙibla kuma ban taɓa cewa ta jiya ita ce ta yau ba, kowace salla sai na sake dubawa, saboda jirgi juyawa yake yi.

Abu ɗaya ne ban shirya masa ba. A babban ɗakin cin abinci, kowa da teburinsa na dindindin har a gama tafiya, kuma da yawan mutanen da aka rubuta ake jera kujeru. Aka haɗa ni da wani likitan haƙori ɗan Kano, Dokta Sani, da matarsa Hajiya Bilki, mazauna Nasiriya. Jin Hausa a tsakiyar teku ya yi mana daɗi duka. Dokta yana ta ba da labari yana dariya, ya ce wannan ne hutunsu na farko su biyu tun da suka aurar da autarsu. Ana cikin haka Hajiya ta dubi kujerar da ke gefena, da farantinta da cokulanta a jere, ta ce, "Malam, ina Madam?"

Na dube su. Ga mutane sun fito shan iska, abinci yana gabansu, ban ga yadda zan ajiye musu rasuwa a kan tebur ba. Na ce ba ta samu fitowa ba. Hajiya ta ce jiri ne ko, ai ruwan nan ba ya ƙyale mata. Ni kuma na gyaɗa kai.

Gyaɗa kan nan shi ya jawo komai. Nan take Hajiya ta kira mai kawo abinci ta ce a kai wa mara lafiya romo da burodi ɗaki. Da na koma na tarar da tire yana jirana a rufe. Na zauna na dube shi. Zubar da abinci ban iya ba, ba a haka aka rene ni ba. In kuma na mayar da shi yadda ya zo, Hajiya za ta ce jikin ya yi tsanani ta nemo likitan jirgi. Na yi bisimilla na shanye.

Washegari Hajiya ta tambayi ma'aikacin, ya ce mata kwanon fes ya dawo. Ta yi hamdala ta ce a ƙara da kifi. Daga kifi aka koma shinkafa da kaza, daga nan nama da dankali da kayan zaƙi, domin a lissafinta mara lafiya tana samun sauƙi, sai a gina ta. Ni kuma dole in ci nawa a tebur da kyau, don in na rage sai ta ce damuwa ce ta hana ni ci. (Wanda ya san abincin jirgin ruwa ya san ko rabon mutum ɗaya aiki ne.) Ta ba ni citta, ta ba ni ƙwayar jiri. Sau ɗaya ta miƙe ta ce za ta bi ni ta duba ta, na ce ba ta son a gan ta a haka. Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta, na kuma yi istigfari a kanta.

Duk da haka na ga abin da na je gani. Bayan sallar asuba nakan hau can sama, lokacin ba kowa sai masu goge ƙasa, in zauna har rana ta fito daga cikin ruwa. Wanda zai je, kada ya ba barci wannan lokacin. Akwai safiyar da wasu manyan kifaye suka yi ta tsalle suna bin jirgin, na juya gefena zan nuna, sai na mayar da hannuna aljihu. In an tsaya a wani gari, nakan sauka in zaga, in dawo da wuri, ina bin agogon jirgi ba na waya ba. Ban yi jiri ba ko sau ɗaya. Ranar sauka na ɗauki jakata da kaina, domin mai ɗauke da kayansa shi ake fara sallama, na fice kafin su Dokta su gama karin kumallo. A raina na ce shi ke nan, an rabu lafiya.

Na manta tun a teburin farko na faɗa musu inda nake zaune, har da lambar waya da kwatancen layin masu faci.

A ranar Juma'ar da na fara ambata, wayata tana gida a caji. Su Dokta suka kira ba a ɗauka ba, suka shigo Gubaira da kwatance, Hajiya riƙe da kular farfesu. Suka tambayi wani yaro gidan mutanen Maraɗi, ya kai su inda aka fi taruwa, wato wajen Yaya Rakiya. Kafin in iso Hajiya ta riga ta yi bayani. Ta ce sun zo duba matata ne, baiwar Allah ta sha wahala a jirgi, ko sau ɗaya ba ta leƙo waje ba, ga kunya, amma ma sha Allah tana ci, ba ta barin ko kayan zaƙi. Mutanen da take faɗa wa haka su ne suka bi ni maƙabarta. Su ne kuma suka raka ni tashar mota ni kaɗai da jakata.

Da na yi sallama, Isuhu mai faci, maƙwabcina, ya amsa a hankali ya ce, "Sannu da zuwa, ango."

Hajiya ta washe baki ta ce yawwa ga shi nan, ina mara lafiyar, ita tana ta tambaya kowa ya yi mata shiru. Yaya Rakiya ba ta dube ta ba. Ni take kallo. Kullum ƙanina take ce mini, ran nan ba ta ce ba.

"Zauna," ta ce. "Wace ce ka kai ruwa a ɗakin ƙanwata?"

Na zauna a bakin kujera. Na ga in na sake yin shiru a nan, sunana ya tafi a unguwar, kuma matar da ta riƙe ni kamar ɗan'uwa tun ranar rasuwa ba za ta ƙara buɗe mini ƙofa ba. Na juya wajen baƙin, domin su ya kamata su fara ji. Na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Maiɗakina ta rasu tun kafin tafiyar. Ba kowa a ɗakin nan sai ni." Wannan ne karo na farko da na faɗa wa wanda bai riga ya sani ba. Muryata ta fita, ba ta karye ba.

Hajiya ta yi salati ta rufe baki da mayafi. Dokta ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu. Can Hajiya ta ɗago ta ce, to abincin fa?

"Ni nake cinyewa."

"Duka?" in ji Yaya Rakiya.

"Duka."

"Bayan ka ci naka?"

Na ce bayan na ci nawa. Isuhu ya leƙo fuskata ya ce shi ya sa na dawo da kumatu, su suna ta cewa iskar teku ce ta karɓe ni. Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya, bai iya ba. Yaya Rakiya ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har hawaye, daga baya ban san ko na dariyar ba ne. Da ta share ido ta ce, "Da wani ne ya kawo mini wannan labarin da ban yarda ba. Amma kai, ƙanina, na san gara cikinka ya fashe da ka zubar da shinkafa."

Hajiya ta yi ta ba da haƙuri, ta ce ita ta cika shisshigi. Na ce laifinta ɗaya, ta iya zaɓen abinci. Dokta ya ɗaga hannu ya yi wa marigayiya addu'a mai tsawo, kowa ya shafa. Aka buɗe kular farfesun aka haɗa da waina. Da Hajiya ta zo kaina ta zuba rabin ludayi ta tsaya, ta ce wannan na mutum ɗaya ne, kada in nemi ƙari. A nan na zauna har magariba ina ba su labarin ruwan, abin da ban iya yi da kyau ba tun da na dawo. Yaya Rakiya ta yi ta tambaya ko da gaske ba a hango ƙarshensa, na ce da gaske.

Yanzu a Gubaira duk wanda ya fara tunanin jirgin ruwa, ko na teku ko na kogin Nilu, wajena ake turo shi, ni kuma ba na rowar abin da na sani. In na gama da takardu da ɗaki da agogo, nakan ƙara abu ɗaya. Mutum ya gyara sunayen matafiya tun yana kan tudu, komai nauyin maganar a bakinsa. In kuma aka tambaye shi a tebur, ya faɗi gaskiya tun kafin a kawo miya. Mutane suna iya ɗaukar labarin rasuwa fiye da yadda muke zato. Cikin mutum ɗaya ne bai kamata ya ɗauki abincin mutum biyu har Jidda ba.