Goggo a Ƙarƙashin Silifas

"Lahiya lau, sai dai da na san ke ce tahe da na ruhe shagon."

"Ruhe mana. Bawa in ya ga uwar ɗakinai tashi shika yi, ba tsawon baki ba."

Tamba bai tashi ba. Ya dai janye ƙafarsa daga kan benci don kada ta zauna a kanta, domin ya san za ta iya. Riskuwa ɗiyar kawunsa ce, mahaifiyarsa kuwa goggonta, saboda haka tun suna tsirara take kiransa bawanta, shi kuma yake kiranta 'yar fadama. Yau ga ta tun daga Argungu har shagon kwamfuta na abokinsa a unguwar Nasarawa cikin Birni, inda yake fakewa tun ranar da shi da makaranta suka soma gaisawa daga nesa. Fuskarta kuwa babu alamar wasa.

Watan jiya ne ya yi wa ƙungiyar matan unguwarsu masu turara shinkafa shafi a intanet. Innarsa ce shugaba. Ya jera hotuna uku na tsaye a saman shafin: Riskuwa a hagu, Inna a tsakiya, Asiya, ƙaramarsu a ƙungiyar, a dama. Ya kuma yi shi da sabon salon da ya koyo, wanda shafi ke miƙewa ya takure da kansa gwargwadon allon da aka buɗe shi a kai. Duk wanda ya shigo shagon ko hoton fasfo ya zo ɗauka sai ya sha labarin wannan salo.

"Mi niy yi maka, Tamba, da ka ɗora ni bisa kan Goggo?"

"Ke ko bisa jaki ba ni ɗora ki, tausayin jakin nika ji."

Ya juyo mata da allon kwamfuta. Ga Inna nan a tsakiya ta sha ɗauri, su biyu a gefe kamar zagage. Ya tambaye ta ko hayaƙin tukunya ne ya soma ci mata ido.

Ta ajiye wayarta a gabansa.

A allon waya hotunan nan ba su sami wurin jeruwa ba, sai suka hau juna, na hagu ya fara. Riskuwa ce can sama tana murmushi. Silifas ɗinta kuwa, shuɗaye, ɗaya ma da ɗinkin zare, sun sauka daidai kan ɗaurin Inna. Wayar Tamba irin mai tocila ce, bai taɓa ganin shafin a ƙaramin allo ba, kuma bai taɓa tunanin ya matse tagar shafin a kwamfuta ya duba ba.

Riskuwa ta zayyana masa sauran. A gidan suna Asiya ta buɗe shafin don ta yi burga, waya ta zaga hannu hannu har ta iso ga Goggo. Tun daga ranar Goggo ba ta sake amsa gaisuwarta ba. Gobe masu saye za su zo daga Legas ganin shinkafar ƙungiya, kuma Goggo ta aiko cewa Riskuwa ta bar buhunta a gida, wadda ke sama ba ta da buƙatar na ƙasa.

"Cewa suka yi toshi ni ba ka."

"Ke? Ke da ko ƙanzo sai kin lashe kahin ki bayar?"

"Ka ga bawa ya ci amanar uwatai, yana kuma da bakin magana."

Ya yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa ba shi ya yi ba, tsarin ne ke ɗaukar na hagu ya fara da shi. Ta ce to a kira mata tsarin ya je Argungu ya durƙusa. Ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Ta ce gaskiya ne, ga shi nan zaune a gabanta da gemu uku.

Ya ja tsaki ya buɗe wata taga a gefen manhajar buɗe shafi, tagar da ke fito da hanjin shafi waje a gani. Ya matse allon har ya koma siririn waya, ya taɓa nan ya taɓa can, sai ga Inna ta haye sama. Ya jingina ya harɗe hannu, ya ce ta yi godiya tun bai canja ra'ayi ba.

Riskuwa ta duba wayarta. Ta sake dubawa. Ta ɗaga masa ita har tana taɓa masa hanci. Silifas na nan inda suke.

"Gyaran gangar Auzinawa."

Sai a lokacin ya tuna. Abin da aka taɓa a wannan taga gwaji ne kawai, kamar ka kara riga a jiki gaban madubi, ba ya zuwa ko'ina. Ya san haka sarai, idonta ne da ta kafa masa ya rikita shi. Bai faɗa mata ba. Ya ce wayarta ce ke da nauyin kai irin na mai ita. Sannan ya sunkuya ya buɗe ainihin rubutun da ke tsara adon shafin, ya rubuta cewa in allo ya yi ƙanƙanta Inna ce farko, ya tura.

Shaiɗan kuwa bai bar shi haka ba. Ya sa Asiya ta biyu.

"Asiya? Asiyar da na goya ta yi min hitsari ga zane?"

"Tsari ne."

"Tsarin ga dai da ni yaka gaba. To bari in kira Goggo in shaida mata inda ɗanta ka karatu."

Kafin ta gama lalubo lambar ya mayar da ita ta biyu. Ta ƙura wa wayar ido. Yanzu ƙafar Inna ce a kan ɗankwalinta, silifas ɗinta kuma a kan Asiya. Tamba, wanda tsoro ya soma koya wa hankali, ya ce bari ya yanke hotunan daga ƙugu kowa ya huta. Ta riƙe masa hannu. Ƙafar Goggo a kanta albarka ce, in ji ta, na kan Asiya kuwa a bar su nan su sha iska.

Suka kira wayar Asiya, aka kai wa Inna. Riskuwa ta yi sallama, ta gaida ta da gida, ta gaida ta da aiki. Inna kuwa sai ta juya ga Asiya, ta ce ta faɗa wa masu kiran har yanzu tana ganin takalmi a kanta. Riskuwa ta juyo ta dubi Tamba, wannan karon ba zagi a bakinta, idonta ya kawo ruwa. Hakan ya fi zagin ciwo. Ya karɓe wayar ya yi wa Asiya bayani a hankali: wayarta ta riƙe tsohon shafin ne, ta sake sabunta shi. Asiya ta ce ina ake taɓawa. Ya faɗa. Ta taɓa wani wuri daban. Ya sake faɗa, yana cizon yatsa.

Can sai aka ji Inna ta yi gyaran murya.

"Riskuwa, kin isa Birni lahiya?"

"Lahiya lau, Goggo."

"Gobe ki kawo buhunki da sassahe. Wancan kuwa ki ce mai in za shi taho gida shi taho da kunnuwanai duka biyu."

Waya na mutuwa Riskuwa ta fashe da dariya har tana dukan benci. Ta share ido da bakin mayafi, ta zuge jaka ta ciro ƙullin kifin banda a takarda, ta dangwara masa a kan madannan kwamfuta.

"Ungo. Ba a kai bawa mahauta da yunwa."

Tamba ya dubi kifin, ya shafa kunnensa, dariya ta ƙwace masa. Ya miƙe tsaye ya dunƙule hannu.

"Ranki shi daɗe, uwar ɗakina. Don Allah in na taho, ki shiga gaba."