Kilo Ashirin da Mai Walda Ya Zaftare

"…lafiya lau, bawana. Ga ma'aunin da ka ce a kawo. Wa ya koro ka kake haki haka?"

Mai Magani ce, taubashiyar Mai Walda. Ta same shi a falo bisa kekensa da aka kafe gaban talabijin, gumi har kan leda. Ku da ba ku sani ba, tsere suke yi ta intanet, kowa a ɗakinsa. Na'ura za ta auna ƙarfin ƙafarka, ta raba da nauyin da ka rubuta, ta jefa ka rukunin sa'anninka. To, ranar rajista matarsa na tsaye a kansa, sai gogan ya zaftare kilo ashirin.

"Ajiye, baiwa. Rukuni na ɗaya suka sa ni, cikin zakaru."

"Kai? Kai da ke hutawa sau biyu kafin ka ɗaure takalmi?"

"Na'ura ba ta ƙarya."

"Ita kam ba ta yi. Nawa ka gaya mata?"

"Saba'in."

"Saba'in! Na tumbin kaɗai, ko har da wuyan?"

"Ƙashi gare ni mai nauyi, gado ne."

"Daga wa? Gwaggona da iska ke ɗauka? Jiya na nawa ka zo?"

"Na dai gama."

"Na ji har sun yi wanka sun ci abinci, kana kan tudun farko."

Nan ya sassauta murya. Saura rabin awa a fara tsere, kuma in ya sake zuwa na ƙarshe, ƙungiyarsu za ta cire shi. Mafita ɗaya ce: ya tura wa masu shirya tseren bidiyon awon nauyinsa, a sauko da shi rukunin da zai iya.

"Riƙe wayar. Don Allah kar ki faɗi lambar da ƙarfi."

Ya cire agogo, ya zazzage makullai, ya tsuke ciki, ya hau.

"Casa'in da huɗu!" ta kwarmata.

"Kai! Huɗun daga ina? Ƙafa kika ɗora!"

Daga can kicin, matarsa ta ce, "Bar wahalar da kanka, maigida. Ni ke sakin ƙugun wandunanka duk wata."

Mai Walda ya zube kan kujera yana dariya har da hawaye.

"Kin ci, uwargijiyata. Tura musu."

"Na tura tuni. Ma'aunin ma na bar maka kyauta, ya riga ya lotsa."