Daktan da ke Koyar da Allo

Jiya na rufe gareji na nufi jami'a da niyyar rigima. Autata ta faɗi darasi ɗaya har sau biyu, in ta sake faɗuwa korarta za a yi. Na ce sai na ga malamin nan da idona.

Na lallaɓa na zauna can bayan aji, cikin ɗalibai wajen ɗari huɗu. Dakta ya shigo, ya juya mana ƙeya, ya kama hira da allo. Awa biyu cur. Allon dai na tabbata ya gane.

Da aka tashi na tare shi a bakin ƙofa ina huci. Ashe matashi ne.

"Baba, shekara bakwai na yi ina binciken hanjin sauro," in ji shi. "Sauro bai taɓa ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Ranar da na dawo daga karatu aka miƙo min alli, aka nuna min ƙofar aji. Babu wanda ya taɓa nuna min yadda ake koyar da mutum."

Na ce, "Dakta, ba a yi muku bita ba?"

Ya ce an yi, mako guda a otal. Manya ne suka je, Allah ya ja zamaninsu, waɗanda rabonsu da aji tun autata tana rarrafe. Shi an ce ya zauna, kada a bar ɗalibai babu malami. Wannan hangen nesa ya burge ni ƙwarai. Na ji ma kowannensu ya dawo da jaka da satifiket.

Wallahi sai tausayinsa ya kama ni, rigimar ta bi ruwa. Ni ban yi zurfi a boko ba, amma na yaye mutum ya fi ashirin a gareji, kuma ban taɓa koya wa wani kwance inji ina ba shi baya ba.

Na ce ya zo gareji ran Asabar. Zai yi wa autata bayani ina zaune, duk inda na ɓace in buga sifana a ƙarfe, ya koma baya ya sake. Ya yarda, har da godiya.

Jarrabawa saura mako uku, tawa dai ta samu mafita in Allah ya so. Sauran 'yan ajin kuwa, manyan jami'a, ranku ya daɗe, kada ku wahalar da kanku a kansu. Laifinsu ne da ba su nemi uba bakanike ba.