Rasuwar Ragar Gashin Gidan Haladu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tumbi mai cike da zogale, ni Iro ɗan Haladu dillalin awaki na Gidan Rumji nake gaishe ku, mutanena na wannan shafi, nake kuma sanar da ku rasuwar ragar gasa nama ta gidanmu. Ku gyara zama ku ji.

Marigayiya haifaffiyar Cadakori ce, wani maƙeri ya saƙa ta da wayoyin tsohon keke. Mai haƙuri ce. Wuta a ƙasa, tsoka a sama, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ran kasuwa Baba ya shigo da hanta da haƙarƙari, kitse ya ɗiga kan garwashi, sai ta ce cuuu. Iyakar maganarta ke nan, kuma ta ishe mu.

Ciwon ajalinta ba a jikinta ya fara ba. Baba ne jininsa ya hau, ƙafafu suka kumbura, zuwa masallaci ma sai ya zauna a hanya. Likita ya ce ya rage nama. Ragewa fa aka ce. Baba ya dawo ya tara mu: "Ba zan zauna ina kallon bakin wani yana maiƙo ba. In ban ci ba, ba mai ci." Tun ran nan wake, rama, tafasa, awara.

Abin da ya kashe mini jiki, abin ya yi aiki. Kumburi ya saɓe, jini ya sauka. Shekaranjiya a gona ya riga ni kai ƙarshen kunyar noma, ya waiwayo ya ce, "Ɗan tsire, ina ƙarfin?" Ni ma, kada ku kai gaba, na daina nishi a bayan gida. To da wane baki zan roƙi ragar nan ta tashi? Ran da ta tashi, tsohona ne zai kwanta.

Ta rasu ta bar wuƙa, wadda yanzu albasa kawai take yanka, da ƙuli-ƙulin da aka mayar wa kwaɗo. Kyanwa kuwa ta koma gidan maƙwabta, ko sallama babu.

Juma'a bayan la'asar Inna Zainaba za ta ɗaure gawar a bakin akurki, ta zama ƙofa. Kaji tuni sun gane ba mai yanka su, ido cikin ido suke kallona. Zaman makoki a ƙofar gida, sadaka kwaɗon zogale.

In ku ne, ya za ku yi? Ku zo ku gaya mini. Wanda ya biyo ta wurin mai tsire, don Allah kada ya wanke hannu kafin mu gaisa.