Kacallar Haɗejawa

Jama'a, akwai abin da ya kwana biyu yana cina, tuwo ma in na kai baki kamar ƙasa. Na gaya wa maƙwabciyata, ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya zame. Malam kuwa, maigidana, ba na ma son zancensa, don da bakinsa a ciki. Shi ya sa na kawo maganar nan, ko a dace da mai hankali a cikinku.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bakin daji, kudancin ƙasar Katsina. Da abin nan ya yi tsanani muka tattara namu ya namu muka dawo Funtuwa, muka bar gona da rumbu. To duk wanda ya fito daga wajenmu, in ya ji an ce Kacalla ba ya neman ƙarin bayani. Haka ake kiran manyan 'yan bindiga, masu daji da yara da babura. Ko a ƙuryar ɗaki za ka ambaci sunan sai ka rage murya.

Ɗana na fari, ba zan kama sunansa ba, kun san dalili. Yaron nan dai, ko da yake yanzu har da gemu da 'ya'ya biyu. Ni na matsa wa Malam ya ƙyale shi ya koma ƙasar Haɗeja, garin matarsa Uwale, inda surukinsa ya yanka masa fadama yana noma shinkafa. Na ce can ruwa ne da kifi, ba mai bin mutum gona. Tun da ya tafi nake barci har da minshari.

Ba ma yin waya da shi, da kunya. In ya kira ubansa sai in sami aikin yi a kusa, in yi kamar hankalina ba ya wurin. Ranar nan ya kira, Malam ya buɗe muryar wayar don kunnensa ya fara nauyi, ni kuma ina gefe ina tankaɗe.

"Baba, sunan gidan Kawu ba zan samu zuwa ba. Kacalla ta hana mu sakat. Ta cinye mini rabin gona, ta tare hanyar ruwa, masunta duk sun rataye koma. Gari ya yanke shawara ranar Asabar duk wani namiji ya fito da addarsa."

Rariya ta suɓuce daga hannuna.

Malam kuwa cewa ya yi, "Madalla! Allah ya ba da sa'a. Ku dai sare ta daga ƙasa."

Na ce a raina, ta? Mace? Innalillahi, har mata sun fara riƙe daji! Kuma mace in ta ƙeƙashe, ai gara maza goma.

Da na kai wa Malam abinci sai na ɗan zauna, na bi ta bayan gida da tambaya, tun da shi ya je garin bara.

"Malam, wannan da ake magana, ta daɗe a can?"

"Ta fi shekara ashirin, in ji su. Kullum ƙara yaɗo take yi."

"Kuma da adda za su tare ta?"

"To da me, Tasalla? Wuta ma an sha buɗa mata, ƙara ƙarfi take yi."

"Shi yaron nan, a baya zai tsaya ko?"

"Baya? Ai shi ne gaba-gaba, ya fi kowa dogon hannu. Miƙo mini yaji."

Yaji! Ana shirin kai masa ɗa mahallaka, shi yaji yake nema. Na so in ce ya kira shi ya hana shi, kunya ta hana ni. A ce Tasalla ta fito fili tana kuka a kan ɗan fari? Sai na ce jikoki nake marmarin gani. Ranar Juma'a na ɗauko layar ƙarfen marigayi babana na ƙulle a bakin zani, na cika gora da rubutu, na kama hanya. Na kwana Kano gidan ƙanwata, da hantsin Asabar na sauka a garin.

Ba namiji ko ɗaya, sai tsofaffi a gindin bishiya. Amma abin da ya ɗaure mini kai, mata na ta daka suna waƙa, ga tukwane an girka a ƙofar gida kamar ana biki. Na ce lalle mutanen nan wahala ta taɓa musu kai.

Uwar Uwale ce ta fara hango ni, Gambo. Bahaɗejiya ce ta gidi, kun kuwa san tsakaninmu da su, wasa ba ya ƙarewa.

"Lale, lale da baiwata! Bakatsiniya, gudowa kika yi ko aiko ki aka yi?"

Na ja ta gefe, na rage murya. "Gambo, sun tafi?"

"Tun da sassafe."

"Tana ina?"

"Wa?"

"Ita. Kacalla."

"Ga ta nan bayan gari, in kin yi ɗage ma kina hango kanta daga nan."

Na duƙa ban san na duƙa ba. "Kuma kuna zaune kuna daka?"

"To ina za mu? In sun fito ba za su ci abinci ba?"

"Tana da yara da yawa?"

Gambo ta ɗan yi tunani. "Jan baki kike nufi? Ai ba sa ƙirguwa. Wajenta suke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da gero, kafin ki ce kwabo sun share gona."

Jan baki. Na ce a raina, wato har jan baki take shafa musu, don a san yaran mace ne.

Gambo ta ce, "Wai ke lafiya kike rawar ɗari da rana tsaka? Zo in kai ki ki gan ta."

"Ki kai ni?"

"Ba ta cizo."

Na tuna ɗana yana can, na karanta abin da ya zo bakina, na bi bayanta. Muka wuce gidajen ƙarshe, muka hau wani tudu. Gambo ta miƙa hannu ta ce, "To ga ta."

Ciyawa, jama'a. Ciyawa ce. Doguwa, ta fi ƙaton namiji tsawo, ganyenta kamar takobi, kanta da wani abu mai kama da zangarniyar gero. Iya ganinka ita ce, kore shar, ba ka ganin ruwa sai ɗan tsirit. Can ciki maza ne tsamo-tsamo, ruwa iya ƙirji, makaɗi yana kan kwalekwale yana zuga su, suna sara suna jawowa.

Na ce, "Ina Kacallar?"

"Ga ki ga ta."

"Ciyawar?"

Gambo ta dube ni. Ta dubi gorar rubutu, ta dubi ƙullin bakin zanina. Sai ta zauna daɓas a ƙasa ta riƙe ciki. Dariya take yi ba sauti, hawaye na zuba. Da ta samu numfashi ta ce, "Mene ne a ƙullin?"

"Layar ƙarfe."

"Wayyo Allah cikina! Da ta matsattsaku kika kawo, da mun gode."

Ni kuwa na zauna kusa da ita na yi hamdala. Na ce to yanzu a kan ciyawa ake tayar da gari?

Nan dariyarta ta ragu. Ta ce, "Bakatsiniya, kada ki raina ta. Kin ga nan da muke kallo? Ina budurwa nan muke zuwa cirar bado, ruwa fari tas, agwagin ruwa in sun tashi sai sun rufe rana. Can burugu ne, Fulani na kawo shanu su ci su yi ɓul-ɓul. Babana koma ɗaya yake jefawa ya cika ƙwarya da karfasa. Ita wannan a lokacin 'yar kaɗan ce a lungu, ba mai kula ta. Da aka gina madatsai aka tsare ruwa can sama, kogi ya daina ƙafewa da rani, ita kuwa abin da take so ke nan, ruwan kwance. Ta sa saiwa ta ƙarƙashin ƙasa, iska na ɗaukar audugar kanta tana watsawa. Inda ta tsaya ba abin da ke tsirowa. Bado ya tafi, burugu ya tafi, agwagi ba wurin sauka, kifi yana ciki amma ba hanyar jefa koma. Ta toshe magudana, wannan gona ta nutse, waccan ta bushe. Abin da ta kawo mana sauro ne da macizai, sai tsuntsayen nan jan baki."

"Ku ƙone ta mana."

"Mun ƙone. Kamar mun zuba mata taki. Sai dai a sare ta a ƙarƙashin ruwa don ta shaƙe, shi ne kika gan su a ciki. Su buɗe hanya bana, baɗi ta rufe."

Kafin azahar maza suka fito, kafin su fito kuwa labarina ya riga ni shiga gari. Wani tsoho ya ɗaga murya, "Ina Bakatsiniyar da ta zo yaƙi da ciyawa?" Wata ta ce a ba ni lauje in fara. Wani ya ce a rufe tabarmi kada in gani in suma, don da kacalla ake saƙa su.

Na gyara mayafi na ce, "Ku yi ta dariya. Ni kwana kaɗan na yi ina tsoronta, kuma ban san ta ba. Ku da kuka san ta ciyawa ce, ta ci ku da yaƙi shekara ashirin, har kun naɗa mata sarauta." Suka ce kai, baiwar nan da baki take.

Yaron nan ya zo ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni. Na kau da kai na amsa wa bango, amma ta wutsiyar ido na ga hannuwansa duk ganye ya tsattsaga, ga jini a ƙwaurinsa inda matsattsaku suka sha. Ya rame. Gorar rubutun dai na miƙa wa Uwale na ce ta ba shi, addu'a ba ta zaɓen abokin gaba.

Uwale ce ta ɓata mini murnar. Muna tsince shinkafa da yamma ta ce, "Inna, ya hana ni faɗa. Abin da ya girbe bana ba zai kai mu damina ba, rabi ruwa ya ci, sauran ma jan baki sun rage shi. Ya ce in baɗi ma haka ne, zai kwashe mu mu koma ƙauyenku, gonar Baba tana nan kwance ba mai nomawa. Wai an ce wajen ya yi sauƙi."

An ce. Wa ya ce? Mu da muke Funtuwa ba mu ji ba, sai shi da ke cikin ruwa iya wuya?

To kun ji abin da ya hana ni cin tuwo. In na ce ya zauna, ina kallo ciyawa na cin gumin ɗana, jikokina na cin sauro, ko in ce sauro na cinsu. In na yi shiru ya koma gonar ubansa, ƙasa ce mai albarka, dawa har ta fi mutum, amma kun san wanda ke maƙwabtaka da ita. Malam ya ce namiji ne, a bar shi ya zaɓa. Ni kuma ko zan yi magana sai dai in aika, ba na iya kallon idonsa in faɗa. Don Allah iyaye mata, da ku maza masu tausayi in akwai, me zan aika a gaya masa? Ya zauna ko ya dawo?

Kada ku ce ban nemi shawarar na kusa ba. Da Gambo ta rako ni tasha na ajiye wasa na tambaye ta tsakani da Allah. Na ce, "Gambo, ke uwa ce kamar ni. Nan Kacalla, can Kacalla. Ina zan sa ɗana?"

Ta ɗora mini ƙullin busasshen kifi a cinya, ta rufe ƙofar motar, sannan ta leƙo ta taga.

"Ki bar mana shi, baiwata. Tamu duk sharrinta, har yau ba ta koyi hawa babur ba."