Rasuwar Babban Ƙyallen Goshin Jirgi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika taf, Tsimanova, mai jirgin ruwan dakon gishiri a garin Belo, yana sanar da 'yan'uwa da abokan teku rasuwar babban ƙyallen iska na goshin jirginsa, wanda ya cika ranar Talata yana da shekara goma sha tara.

Marigayin ɗinkin hannun Zafisoa ne, matar Tsimanova, wadda ta riga mu gidan gaskiya bara waccan. Mai haƙuri ne, bai taɓa raina iska ba. Ranar da sauran jirage suka tsaya cik a kan ruwa, shi sai ya kumbura ciki da 'yar iskar da ta samu, ya ja jirgi har Morondava. In ya ƙoshi ya ce "bub!" In aka karkace masa hanya ya yi ta "fat-fat-fat" har a gyara.

Jinyarsa ta faro ranar da hadari ya ritsa da su a teku. Aka sauke shi, aka ɗaura ƙanensa, ƙaramin ƙyallen guguwa, ruwan sama ya jiƙa marigayin sharkaf. To, kowa a Belo ya san ruwan sama ya fi na gishiri cin auduga. Shekara nawa Tsimanova yana yi wa matuƙa tsawa a kan haka! Amma shi da hannunsa ya cusa shi a buhu, ya ce, "Ku bar shi, gobe na shanya." Goben ta sami Tsimanova kwance da zazzaɓi, har mako biyar.

Da aka zaro marigayin daga buhu, ya yi baƙi ƙirin, sai warin ruɓa. Mahatante, mijin 'yar Tsimanova, ya ɗan ja gefen ƙyallen, sai ya yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ya ce, "Kai, Baba! Wannan ko allurar Mama ba ta tashinsa."

Ya rasu ya bar ƙanensa, wanda ba ya jan jirgi sai iska ta haukace, da igiyoyi biyu, da jirgi a kan yashi, da gishirin bana da damina za ta narkar kafin ya ga kasuwa. Sabo kuwa babu halinsa, mai ɗinkin ma babu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bakin gaɓa, a yayyanka abin da ya saura a rufe tulin gishiri. Masu ta'aziyya, don Allah kada a tambayi wanda ya cusa shi a buhu.

Kusurwar da Zafisoa ta fara sa allura ce kaɗai Tsimanova ya cire. Ya roƙi a sa masa ita a kabari ranar tasa. Ita kam ya shanya ta, ta bushe ƙayau.